Tafiya da mage ko kare a jirgin sama: shiri tun da sauran lokaci

Sau da yawa akan shigo mana asibitin dabbobi da mage a kwando, mai ita ta ce: "Likita, jibi jirginmu zai tashi, a rubuta mana takarda." Sai dai mu ba ta haƙuri.

Idan ƙasashen Tarayyar Turai za ku daga Najeriya, ku ware aƙalla wata 4. Da farko a dasa wa dabbar ɗan ƙaramin guntun shaida a ƙarƙashin fata, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, sannan a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Kada a juya wannan jerin, domin allurar da aka yi kafin dasa shaidar ba a lissafa ta. Bayan kwana 30 a ɗebi jininta a gwada ko allurar ta kama, daga nan kuma a jira wata 3. Amurka kuwa, tun daga 1 ga Agusta 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba. Ko ina za ku, takardar lafiya da izinin fitarwa dole ne, jami'an hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, za su nema a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja.

Ku kira kamfanin jirgin kafin ku biya kuɗin tikiti. Da yawansu na barin ƙaramar dabba ta shiga wurin fasinja idan ita da jakarta ba su wuce kilo 8 ba. Wadda ta fi haka sai ɗakin kaya, cikin keji da za ta iya miƙewa, ta juya, ta kwanta. Ingila dai, babba ko ƙarama, a matsayin kaya take karɓarsu.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin bincike. Jakar ce kawai ke bi ta na'urar haska kaya, dabbar kuma a hannunku za ta wuce. A nan mage ke firgita da hayaniya, ta yakushi mai ita ta zille, kuma wanda ya taɓa bin mage a kasuwa ya san sauran labarin. Ku ɗaura mata ɗamarar ƙirji da igiya tun daga gida, ku roƙi jami'an su duba ta a rufaffen ɗaki.

Maganin barci kuwa, don Allah ku bar shi. Yana sauke bugun jini, ya danne numfashi, kuma a ɗakin kaya babu mai lura. Abin ya fi muni ga magen Farisa mai gajeren hanci, balle a zafin Afrilu na Kano. Gara ku saba mata da kejin makonni kafin ranar, ku rage abinci sa'o'i kaɗan kafin tashi, ruwa kuma kada a hana ta.

Masu aku mai jan wutsiya, ku naku ya fi wuya: tun 2017 yana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta fi tsanantawa a kansu, fita da shi sai da izini na musamman.