Tafiya Zuwa Kyuba: Sharuɗɗan Shiga da Tasirin Takunkumin Amurka

Kyuba ita ce tsibiri mafi girma a tekun Karebiyan, babban birninta Habana, tsakaninta da ƙarshen jihar Fulorida ta Amurka kuwa kimanin kilomita 145 ne. Duk da wannan kusanci, ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin tattalin arziki na Amurka fiye da shekara sittin. Mutane da yawa sun ɗauka cewa takunkumin ya haramta wa kowa zuwa Kyuba. Ba haka ba ne. Dokar Amurka ce, kuma tana hawa kan 'yan Amurka, da mazauna Amurka, da kamfanoninta. Ƙofar Kyuba a buɗe take ga baƙi, sai dai takunkumin yana bin matafiyi har cikin aljihunsa.

Asalin takunkumin

Bayan juyin juya halin 1959 wanda ya kawo Fidel Castro kan mulki, sabuwar gwamnati ta ƙwace kadarorin kamfanonin Amurka. Shugaba Eisenhower ya fara taƙaita ciniki a 1960, sannan Shugaba Kennedy ya mayar da shi cikakken takunkumi a watan Fabrairun 1962. Dokar Helms-Burton ta 1996 ta ɗaure shi tamau, yadda ba za a iya ɗage shi gaba ɗaya ba sai da amincewar majalisar dokokin Amurka. An ɗan sami sassauci a zamanin Obama: aka sake buɗe ofisoshin jakadanci a 2015, shi kuma ya ziyarci Habana a watan Maris na 2016. Sassaucin bai daɗe ba. A 2019 gwamnatin Trump ta hana jiragen ruwan yawon buɗe ido zuwa tsibirin daga Amurka, kuma ranar 12 ga Janairun 2021 aka mayar da Kyuba cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da goyon bayan ta'addanci. Tun daga 1992 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yake kiran a ɗage takunkumin. A ƙuri'ar 2024 ƙasashe 187 suka goyi bayan kiran, Amurka da Isra'ila kaɗai suka ƙi.

Abin da Kyuba ke nema a hannun baƙo

Matafiyi yana bukatar fasfo mai sauran wa'adi, da tikitin komawa ko na wucewa wata ƙasa, da adireshin masaukinsa, da biza. Shekara da shekaru masu yawon buɗe ido sun saba da wani ɗan kati na takarda da ake saye kafin tashi, amma daga 2024 aka fara maye gurbinsa da bizar intanet. Bizar yawon buɗe ido tana ba da kwana 90, ana kuma iya tsawaita ta sau ɗaya a ofishin shige da fice a cikin ƙasar. Ba duk fasfo ake yi wa sauƙi iri ɗaya ba, don haka ɗan Najeriya ko ɗan Gana ya fara da tuntuɓar ofishin jakadancin Kyuba a Abuja ko Akara kafin ya sayi tikiti.

Bayan biza akwai fom ɗin D'Viajeros, wanda ake cikawa a intanet 'yan kwanaki kafin tafiya. Ya haɗa bayanan shige da fice, da na lafiya, da na kwastan, yana kuma bayar da lambar QR da ake nunawa a filin jirgi. Gara a buga ta a takarda, domin ba a dogara da samun intanet a lokacin sauka. Tun daga watan Mayun 2010 inshorar lafiya ta zama tilas ga kowane baƙo. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara kuwa, ya riƙe katin rigakafinsa.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Habana. Yawanci ana ratsawa ta Madrid ko Faris ko Istanbul, kuma a nan akwai tarko: 'yan Najeriya da 'yan Gana na cikin waɗanda ake neman bizar ratse a wurinsu a filayen jiragen ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya irin su Sifen da Faransa, ko da ba za su fita daga filin jirgin ba.

Inda dokar Amurka ke shiga

Ofishin OFAC na ma'aikatar baitulmalin Amurka bai yarda da zuwa Kyuba don shaƙatawa kawai ba. Ya ware dalilai 12 da ake iya tafiya a kansu, ciki har da ziyarar dangi, aikin jarida, ilimi, ayyukan addini, da tallafa wa al'ummar Kyuba. Wannan ya shafi duk wanda ya hau jirgi daga Amurka zuwa Kyuba, ko wane irin fasfo yake riƙe da shi. An kuma hana waɗanda dokar ta shafa kwana a otal-otal da ke cikin jerin da Amurka ta haramta, da mu'amalar kuɗi da kamfanonin da ke ƙarƙashin GAESA, rukunin kasuwancin sojojin Kyuba, wanda kamfanin otal na Gaviota ke cikinsa.

Akwai wata illa da ke kama mutane ba shiri. Masu fasfon Ingila, Faransa, Jamus da makamantansu suna shiga Amurka ba biza ta tsarin ESTA. Duk wanda ya taka Kyuba daga 12 ga Janairun 2021 zuwa yau ya rasa wannan gata, sai ya nemi cikakkiyar biza a ofishin jakadanci.

Kuɗi

Nan ne takunkumin ya fi cizo. Katin da bankin Amurka ya bayar ba ya aiki a Kyuba, wasu katunan ƙasashen waje ma kan ƙi. Mafita ita ce tsabar kuɗi, yuro ko dala, sababbi kuma da ƙananan takardu, masu isar duk kwanakin zama. Kuɗin ƙasar shi ne peso. An soke ɗaya kuɗin da baƙi suka saba da shi, CUC, daga farkon 2021. Gidajen canji na gwamnati su ne CADECA. Canji a bayan fage ya zama ruwan dare, amma haramun ne a doka, kuma ana yawan damfarar baƙi ta nan.

Rayuwar yau da kullum

Ƙarancin man fetur, magani da abinci gaskiya ne, ba ƙari ba. Ranar 18 ga Oktoban 2024 tashar lantarki ta Antonio Guiteras a Matanzas ta tsaya, duk tsibirin ya faɗa cikin duhu, kuma an sha maimaita irin haka tun daga lokacin. Mai hikima yana tafiya da tocila, da batirin cajin waya, da duk maganin da zai bukata a cikin kwalinsa na asali, da maganin sauro saboda zazzaɓin dengue. Ba a shan ruwan famfo. Lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa Nuwamba.

Tun 1997 doka ta yarda iyalai su ba baƙi hayar ɗaki a gidajensu. Ana kiran irin wannan masauki casa particular, ana gane shi da wata shuɗiyar alama a jikin ƙofa. Mai gida zai karɓi fasfo ya rubuta sunan baƙo a littafi, da safe kuma ya kawo kofi mai ƙarfi da gwanda da burodi. Kuɗin da aka biya a nan yana shiga tukunyar iyali kai tsaye, shi ya sa a ganin mai wannan rubutu ya fi otal.

Musulmi ya kula da abinci: naman alade ne kan gaba a girkin Kyuba, kuma sau da yawa da kitsensa ake dafa shinkafa da wake, don haka sai an tambaya. Akwai Masallacin Abdallah a titin Oficios cikin Tsohuwar Habana, wanda aka buɗe a 2015.

Ɗaukar hoton wuraren soja haramun ne, kwastan na iya riƙe jirgi marar matuƙi ko wayar tauraron ɗan'adam, hukuncin miyagun ƙwayoyi kuma mai tsanani ne. Baƙon da ya yi hatsari da motar haya har wani ya ji rauni, ana iya hana shi barin ƙasar har sai an gama shari'a, abin da kan ɗauki watanni.