Yawon buɗe ido na halal

Yawon buɗe ido na halal reshe ne na harkar yawon buɗe ido wanda ake tsarawa domin Musulmi ya yi balaguron hutu ko ziyara ba tare da ya saɓa wa addininsa ba. Abin da ake dubawa wajen zaɓar inda za a je ya haɗa da abinci, da wurin salla, da ruwan tsarki a bayi, da sutura ga iyali a masauki da wurin ninkaya. Sunan ya bazu ne a farkon ƙarni na 21 ta bakin kamfanoni da ma'aikatun gwamnati, amma buƙatun sun girme shi da ƙarnuka masu yawa. Galibi ba a lissafa aikin Hajji a cikinsa, ko da yake ziyarar da ake haɗawa da Umra takan shiga.

Tarihi

Tun ƙarnukan farko na Musulunci mutane ke tafiya don Hajji da neman ilimi da fatauci, kuma masu mulki sun ɗauki hidimar matafiyi a matsayin sadaka mai gudana. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya wajen gina rijiyoyi da tafkuna da masaukai a hanyar Kufa zuwa Makka a wajajen ƙarshen ƙarni na 8 da farkon na 9, har hanyar ta ɗauki sunanta. A Anatoliya, a ƙasar Turkiyya ta yau, sarakunan Saljuk sun jera manyan masaukan ayari a kan hanyoyin kasuwanci. Ɗaya daga cikin mafi girma, Sultan Han da ke kusa da Aksaray, an gina shi a 1229 da masallaci a tsakiyar farfajiyarsa. An ruwaito cewa baƙo yakan ci ya kwana kyauta har kwana uku a irin waɗannan gidaje, daga kuɗin wakafi.

Matafiyi Ibn Jubair ya bar Garnaɗa ta Andalus, a ƙasar Sifen ta yau, a 1183, ya hau jirgin ruwan mutanen Jenowa, kuma a hanyarsa ta komawa ya ratsa garuruwan da ke hannun Kiristoci a Sham da Sikiliya, inda ya rubuta yadda Musulmi ke zaune a cikinsu. Ibn Baɗuɗa ya bar Tanja a 1325, ya shafe kusan shekara talatin yana yawo, yawanci yana sauka a zawiyoyi da makarantu da gidajen alƙalai. Ya yi alƙalanci a tsibiran Maldibs, inda ya yi ta fama da matan wurin a kan sutura bai ci nasara ba. Ya isa Mali a 1352, ya bi ta Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a shekarar da ta biyo baya. Labarinsa cike yake da abin da matafiyin yau ke tambaya: mene ne ake ci, yaya ake tsayar da salla, yaya ake karɓar baƙo.

A ƙasar Hausa, zango da fatoma, wato mai saukar da baƙi, ne suka ɗauki wannan nauyi. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sukan sauka a gidan wanda zai ba su masauki da abincin da suka yarda da yankansa, ya kuma haɗa su da dillali. Unguwannin zango na Salaga da Kumasi daga nan suka samo asali. Mahajjatan ƙasa kuwa sun bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, tafiyar da kan ɗauki shekaru, da yawa kuma suka zauna a Sudan ba su komo ba. A duk waɗannan hanyoyi, sanin mai masauki shi ne shaidar halal. Takardar shaida ta zama dole ne bayan da jirgin sama ya fara sauke mutum a garin da bai san kowa ba.

Hukuncin matafiyi

Alƙur'ani ya yi rangwamen ƙasaru a Suratun Nisa'i, aya ta 101, da na ajiye azumi a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. A mazhabar Malikiyya, nisan da ke halatta ƙasaru baridi huɗu ne, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri sai ya cika salla. Saboda haka mai hutun mako guda a gari ɗaya mazauni ne a wannan hukunci.

Ma'aunin zaɓe

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne jadawalin GMTI, wato jerin ƙasashe bisa sauƙinsu ga matafiyi Musulmi, wanda kamfanin CrescentRating na Singafo ke fitarwa tare da Mastercard tun 2015. Yana auna ƙasashe ta fuska huɗu: sauƙin shiga, sadarwa, yanayin zama da tsaro, da hidimomi. Kamfanin ya kasa buƙatun matafiyi mataki uku. Na dole su ne abincin halal, wurin salla, bayi mai ruwa, da rashin tsangwama. Na biye sun haɗa da tanadin sahur da buɗa-baki. Na ƙarshe su ne wurin shaƙatawa keɓantacce da masaukin da babu giya ko caca.

Kasancewar ƙasa ta Musulmi ba ya nufin kowane otal ɗinta ya cika waɗannan sharuɗɗa. A Maldibs an hana giya a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, amma ana sayar da ita a tsibiran shaƙatawa na baƙi. Manyan otal na Dubai suna da mashaya, alhali maƙwabciyarta Sharja ta hana giya gaba ɗaya. Lokaci ma yana da tasiri: idan azumi ya faɗo a bazarar arewacin Turai, yini kan kai awa 18 ko fiye.

Ƙasashe

Malesiya ce ta fi daɗewa a saman jadawalin GMTI, Indonesiya kuma ta yi kunnen doki da ita a 2023 da 2024. Hukumar harkokin Musulunci ta JAKIM ce ke ba da shaidar halal a Malesiya, kuma ƙasar ta kafa cibiyar yawon buɗe ido ta Musulunci a 2009, ta fitar da ƙa'idar masaukai mai lamba MS 2610 a 2015. Indonesiya ta yi dokar tabbatar da kayan halal a 2014, ta kuma tallata tsibirin Lombok, wanda ya ci lambobin yabo a Abu Dhabi a 2015.

Turkiyya ta yi fice da otal-otal na bakin teku a yankin Antalya da Alanya, masu wurin ninkaya na mata zalla da aka kange, babu giya. Ana cewa irinsu sun fara ne a wajajen tsakiyar shekarun 1990. A Istanbul ne kuma hedikwatar SMIIC take, hukumar ma'auni ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda ta fitar da ƙa'idar wannan fanni a 2019.

Cikin ƙasashen da Musulmi ba su da rinjaye, Singafo ce ke kan gaba a jadawalin GMTI, inda majalisar addinin Musulunci ta MUIS ke ba da shaidar halal tun 1978. Japan ta buɗe ɗakunan salla a filayen jirgin Narita da Kansai. A ɓangaren ƙasashen Musulmi kuwa, Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a Satumbar 2019.

Masu bin sawun tarihi sukan nufi Alhambra a Garnaɗa, da Bukhara da Samarƙand, wadda kabarin Imamu Bukhari yake a wani ƙauye kusa da ita, da Sarayebo, da unguwar Bo-Kaap ta Cape Town mai Masallacin Auwal na 1794. Babban masallacin Ƙurɗuba, a Sifen, yana hannun coci tun 1236, kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Mabiya Tijjaniyya daga Najeriya da Nijar da Gana sun daɗe suna ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas da Madina Baye a Kaulaha, tafiye-tafiyen da ba a cika sa su cikin ƙididdigar kamfanoni ba.

Saɓani

Malamai sun saɓa a kan tafiya ƙasar da ba ta Musulmi ba don hutu kawai. Wasu sun hana, wasu sun halatta da sharaɗin mutum zai iya bayyana addininsa. Haka aka saɓa a kan naman Ahlul Kitabi, da dabbar da aka sumar kafin yanka, da yin takakkiya zuwa kaburbura. Hukumomin shaida ba su da ma'auni ɗaya, kuma ba kowace ƙasa ke karɓar tambarin wata ba. A Indonesiya, mutanen Bali da na yankin tafkin Toba, waɗanda yawancinsu Hindu ne da Kiristoci, sun ƙi a liƙa wa yankunansu sunan halal a 2019. Hukumomi da dama sun fi son a ce wuri “mai sauƙi ga Musulmi” ne, tunda otal ɗin da ke da mashaya a ƙasa da alamar alƙibla a ɗaki ba zai amsa sunan halal ba.