Dokokin sefa: abin da aka soke a 2019 da abin da aka bari

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Haka yake a bankin Yamai, haka a Dakar, haka a Njamena da Garwa, kuma haka yake tun ranar 1 ga Janairun 1999. Auduga ta yi daraja ko ta faɗi, damina ta yi kyau ko a yi fari, a yi zaɓe ko a yi juyin mulki, lambar nan ba ta motsi. Ɗan canjin Wapa a Kano da ya ga rawar da naira ta yi a 'yan shekarun nan zai ce ai wannan ni'ima ce. Sai dai ba kasuwa ce ta tsayar da farashin ba. Yarjejeniya ce tsakanin Faransa da ƙasashen da ke cin kasuwa da kuɗin, kuma tana da sharuɗɗa waɗanda talaka ke biya ba tare da an taɓa karanta masa su ba.

Sefa iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, ta ƙasashe 8: Nijar, Mali, Burkina Faso, Benin, Togo, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau, babban bankinsu BCEAO yana Dakar. Akwai ta Afirka ta Tsakiya, ta ƙasashe 6: Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango Brazabil, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, babban bankinsu BEAC yana Yawunde. Darajarsu ɗaya a gaban Yuro, amma tun 1993 bankunan biyu suka daina karɓar takardun kuɗin juna. Falken da ya taso daga Njamena da jaka goma a aljihu, in ya isa Damagaram sai ya nemi ɗan canji, a kuma cire masa la'ada. Takardun duka biyun a Faransa ake buga su, a garin Chamalières.

Asalin kuɗin dokar gwamnatin De Gaulle ce ta ranar 26 ga Disamban 1945, ranar da Faransa ta amince da yarjejeniyar Bretton Woods, wadda ta kafa asusun ba da lamuni na duniya, IMF. Yaƙin duniya ya bar ta a karye, kuɗinta ya zube, dala ta yi mata wuya. Sai ta yi wa ƙasashen da take mulka kuɗi mai daraja fiye da nata: sefa ɗaya faran 1.70, a 1948 ta koma faran 2. A ido kamar karamci ne. A aikace, kuɗi mai tsada haka ya sa kayan masana'antun Faransa sun yi araha a Afirka, ya sa gyaɗa da koko da auduga sun yi wa sauran duniya tsada, don haka hanyarsu ɗaya ce, tashoshin ruwan Faransa na Marseille da Bordeaux. Kuma Faransa ta samu ɗanyen kaya da kuɗinta na gida, ba sai ta nemo dala ba.

Da aka samu 'yancin kai a 1960, tutoci suka sauya, tsarin kuɗin kuwa aka mayar da shi yarjejeniyar haɗin gwiwa. Ginshiƙansa huɗu ne.

Na farko, tsayayyen canji: da faran ɗin Faransa a da, da Yuro yanzu. Na biyu, baitulmalin Faransa ya tsaya wa kuɗin, wato in babban bankin ya wayi gari ba shi da kuɗin waje, Faransa za ta ranta masa Yuro ba iyaka don kada canjin ya karye. Na uku, kuɗi na iya fita daga yankin zuwa Faransa ba tare da shamaki ba. Na huɗu, ƙasashen kowane yanki za su tara kuɗin wajensu wuri ɗaya, kuma a ajiye wani kaso a wani asusu na musamman a baitulmalin Faransa. Da farko kusan duka ake kaiwa, a 1973 aka mayar da shi kashi 65 cikin ɗari, daga baya ya sauko kashi 50.

Wannan na huɗun shi ne ya fi cika baki a zanga-zanga da shafukan sada zumunta, har ana yaɗa cewa Afirka na biyan Faransa harajin mulkin mallaka na ɗaruruwan biliyoyin dala duk shekara. Wannan zance ba shi da tushe, kuma mai adawa da mulkin mallaka ba ya buƙatar ƙarya, gaskiyar ta ishe shi. Kuɗin da ke asusun mallakar babban bankin ne, yana cirewa ya biya kayan da aka shigo da su, har ana ba shi ɗan riba a kai. Illar asusun ita ce ya ba Faransa damar ganin shige da ficen kowane kwabo, da hannu a kan famfon. Amma wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki.

Jakin yana cikin ginshiƙi na farko da na biyu. Lamunin nan na Faransa yana tafe da wata ƙa'ida: kuɗin wajen da babban banki ke riƙe da su kada su gaza kashi 20 cikin ɗari na abin da ake binsa nan take. In suka kusa wannan iyaka, dole bankin ya matse: ya ɗaga kuɗin ruwa, ya rage rancen da yake ba bankunan kasuwanci, gwamnatoci su tsuke bakin aljihu. Ma'ana, tun kafin a kai ga buƙatar Faransa ta ciro Yuro ɗaya, an riga an ɗora nauyin a kan manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci. Kamar mutumin da ya ce ya tsaya maka a kan bashi ne, da sharaɗin makullin rumbunka na hannunsa, kuma shi zai ƙayyade mudun da za a auna wa iyalinka. Ba za ka kasa biya ba, shi ma ba zai taɓa biya maka ba. An taɓa cin wannan lamuni a shekarun 1980, lokacin da farashin koko da kofi da man fetur suka faɗi, amma tun 1994 ba a sake taɓa shi ba. Ƙasashen da kansu suke tsaya wa kuɗinsu, da bashin da ba a ba masu sana'a ba.

Sannan ga batun wanda aka ɗaure kai da shi. Darajar Yuro ana juya ta ne daga Frankfurt, mazaunin babban bankin Turai, bisa buƙatun Jamus da Faransa da Italiya. Tsakanin 2002 da 2008 Yuro ya tashi daga ƙasa da dala ɗaya zuwa kusan dala 1.60. Auduga da dala ake sayar da ita a kasuwar duniya, don haka duk dalar da manomin Mali ko Burkina ko kudancin Cadi ya samo, sefar da take zama a hannunsa ta yi ta raguwa, ga kuma tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana danne farashi. A gefe guda shinkafar Asiya da madarar gari ta Turai sai ƙara araha suke, mai son kafa masana'anta a gida ba ya iya gogayya da su. Ginshiƙi na uku kuma ya cike sauran: kamfanin waje da ya ci riba a tashar jiragen ruwa ko ma'adinai ko sadarwa yana kwashe ribarsa zuwa gida a canjin da ya san ba zai sauya ba. Manyan gida masu sayen benaye a Faris su ma da wannan ƙofar suke fita. Shi ya sa tsarin bai taɓa rasa masu kare shi a fadojin shugabannin Afirka ba.

Waɗanda suka nemi fita sun ga abin da suka gani. Gini Konakiri ta ƙi tayin De Gaulle na ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwar Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, ta fito da kuɗinta a watan Maris na 1960, jami'an leƙen asirin Faransa kuwa suka buga jabunsa suka watsa a ƙasar. Daga baya wasu daga cikinsu sun faɗi haka da bakinsu. Modibo Keita ya fitar da Mali a 1962, ta dawo a 1984. Murtaniya da Madagaska sun fita a 1973, ba su dawo ba. A Nijar ma, shugaba Diori Hamani, wanda ake yi wa kallon na hannun daman Faransa, ya nemi masanin tattalin arzikin nan Samir Amin ya tsara masa yadda za a gyara tsarin, saboda ya ga ƙasarsa ba ta samun rancen gina kanta. Ƙorafinsa da na wasu takwarorinsa ne ya haifar da gyaran 1973, wanda ya kai ga ɗauko hedikwatar BCEAO daga Faris zuwa Dakar a 1978. Shekara 18 bayan 'yancin kai babban bankin yana zaune a Faris.

Ranar da aka ga ainihin mai iko ita ce 11 ga Janairun 1994. A rubuce, shugabannin ƙasashen ne ke yanke shawara kan darajar kuɗinsu. Amma tun Satumban 1993 Firaministan Faransa Edouard Balladur ya sanar cewa ba sauran tallafi ga ƙasar da ba ta daidaita da asusun IMF ba, shi kuwa IMF sharaɗinsa a karya kuɗin. Houphouët-Boigny, shugaban Kwaddibuwa kuma babban mai adawa da karyawar, ya rasu a Disamba. Wata ɗaya bayan haka aka tara shugabannin a Dakar, ga ministan Faransa Michel Roussin, ga shugaban IMF Michel Camdessus, aka sanar da raba darajar sefa biyu: faran ɗaya da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Magani, taki, kayan gyaran mota, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, bashin waje ya ninka a lissafin sefa, albashi kuwa bai bi ba. Da Yuro ya zo, Tarayyar Turai ta yanke a Nuwamban 1998 cewa duk wani babban sauyi ga yarjejeniyar sai da amincewarta. Masu ruwa da tsaki suka ƙaru, kuma ba 'yan Afirka ba ne.

To me aka yi a 2019? Ranar 21 ga Disamba, a Abijan, Emmanuel Macron na Faransa da Alassane Ouattara na Kwaddibuwa suka sanar da sabuwar yarjejeniya, ta yankin yamma kaɗai. An soke wajibcin ajiye kashi 50 a baitulmalin Faransa, kuma an mayar wa BCEAO kuɗinsa. Wakilan Faransa sun tashi daga kujerun gudanarwar bankin. An kuma ce za a sauya sunan kuɗin zuwa Eko, sunan da ECOWAS ta riga ta zaɓa wa kuɗin bai ɗaya na yankin duka. Najeriya da Gana da wasu ƙasashen ECOWAS da ba sa amfani da sefa suka fito a Abuja a Janairun 2020 suka ce ba da yawunsu ba. Har yau ma ba a sauya wa tuwon suna ba.

Abin da aka bari ya fi abin da aka ɗauke nauyi. Canjin 655.957 yana nan. Faransa tana nan a matsayin mai tsaya wa kuɗin, don haka dole bankin ya riƙa aika mata bayanan halin da asusunsa ke ciki. A kwamitin da ke tsara manufofin kuɗi akwai kujerar wani masani mai zaman kansa da ake naɗawa bayan shawara da ita. In kuma ajiyar ta faɗo zuwa kashi 20 ɗin nan, tana da damar dawo da wakilinta mai ƙuri'a. Yankin tsakiya kuwa, inda Kamaru da Cadi suke, ba a taɓa komai ba: rabin ajiyar na baitulmalin Faransa, wakilanta na zaune a BEAC.

Masu kare sefa suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 a ƙarshen 2022, a Najeriya ta haura kashi 30 a 2024, alhali BCEAO na ƙoƙarin riƙe tasa tsakanin kashi 1 da 3. Mutanen Maraɗi da Ƙonni sun san yadda sefarsu ta yi ƙarfi a kasuwannin Jibiya da Illela. Mallakar kuɗin kai ba ya hana a lalata shi. Amma farashi a tsaye ba shi ne arziki ba: Nijar da Cadi da Afirka ta Tsakiya sun shafe shekaru da dama da kuɗi mai kwanciyar hankali, kuma shekara da shekaru suna can ƙasan jadawalin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗan Najeriya aƙalla ya san gwamnatin da zai kama da laifi.

Akwai kuma fuskar da Nijar ta gani da idonta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙasashen yankin suka ƙaƙaba takunkumi, BCEAO ya daskarar da asusun gwamnati, aka hana ta neman rance a kasuwar yankin, takardun kuɗi suka yi ƙaranci har bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira. An yi wa Mali haka a 2022, an yi wa Laurent Gbagbo na Kwaddibuwa a rikicin da ya biyo zaɓen 2010. Ko me mutum ke gani game da mulkin soja, ya nuna cewa ana iya rufe wa ƙasa baitulmalinta daga waje. An janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata a Janairun 2025, amma suna cikin ƙungiyar sefa. Yarjejeniyar ƙungiyar ba ta hana fita ba: ƙasa za ta sanar da taron shugabanni, bayan kwana 180 fitar ta tabbata. Wahalar tana cikin abin da zai biyo baya, wato raba ajiyar da aka tara tare, da bashin da gwamnatocin uku suka ci a kasuwar yankin da sefa, da kuma samun kuɗin wajen da za su shigo da abinci da magani ta tashoshin ruwan maƙwabta, tunda dukkansu ukun ba su da teku.