Wai me ake nufi da "sulhu"?

Kwanakin nan da wuya ka buɗe rediyo a Sakkwato ba ka ji "sulhu" ba. An yi sulhu da 'yan bindiga, sulhu ya rushe, gwamnati ta ce ba ta sulhu. Tun da Bello Matawalle ya gwada shi a Zamfara a 2019, Masari ma ya gwada a Katsina, kalmar ta shiga bakin kowa. Har ƙauyen da ya tara kuɗi ya kai daji don a bar shi ya yi noma, can wajen Isa ko Sabon Birni, sai ka ji mai labarai ya ce "sun yi sulhu". Haraji dai suka biya. Wanda bindiga ke kansa ransa yake fansa.

Kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da maslaha da salihi, ma'anar tushen kuwa gyaruwa. Abin da ya ɓaci ya gyaru. Shi ya sa 'yan'uwanmu Musulmi ke yawan kawo ayar Suratun Nisa'i mai cewa sulhu alheri ne.

Amma ba 'yan jarida suka fi ba ni haushi ba. Mu ne, 'yan ikilisiya, da muka haɗa sulhu da gafara muka dama.

A ce uwar adashi a zumuntar mata ta cinye kwasar wata gwauruwa, kuɗin da ta ɗora wa rai za ta biya wa yara makaranta. Magana ta kai ga dattawa. Sai a kira su biyun, a karanta Matiyu 18:22, gafara sau bakwai har saba'in, a juya wajen gwauruwar: "Mama, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah." A sa su rungumi juna, a yi addu'a, a tafa, a watse. An yi sulhu, in ji su. Kuɗin fa? Ko tari ba wanda ya yi a kansa. In ta sake tambaya ranar Lahadi, ita ce mai riƙo, ita ce ba ta da ruhaniya.

To a wannan surar dai, aya 15 zuwa 17, Yesu ya shimfiɗa hanya: ka je ka faɗa wa ɗan'uwanka laifinsa, kai da shi kaɗai. In ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sannan ikilisiya. Wato sai an kira laifin da sunansa. Mu kuwa matakin farkon ne ke mana nauyi, saboda kunya da kara. Gara mu gaya wa rabin unguwa da mu dubi mutum mu ce ka cuce ni.

Sai Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, cikin Luka 19. Bai tsaya ga "ku yafe mini" ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan ne Yesu ya ce ceto ya sauka gidan. A Matiyu 5:23-24 ma, wanda ake da ƙara a kansa shi aka ce ya ajiye baikonsa gaban bagade ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Nauyin yana wuyan mai laifi. Mu mun juya shi, mun ɗora wa wanda aka cuta, don shi ya fi sauƙin lallashi, musamman in ɗayan mai hannu da shuni ne.

Gafara mutum ɗaya ke yi, a zuciyarsa, ko mai laifin ya mutu. Sulhu sai da biyu. Bishop Matthew Hassan Kukah, da ke riƙe da darikar Katolika ta Sakkwato tun 2011, ya ga haka da idonsa lokacin da yake mamba a kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam: jama'a sun zo sun amayar da abin da ke cikinsu, amma Buhari da Babangida da Abdulsalami sun ƙi bayyana. Da wa za a shirya ke nan?

Manzo Bulus ma da ya ce a zauna lafiya da kowa, a Romawa 12:18, sai da ya gindaya sharaɗi: in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku. Ya san wani lokacin ba ya yiwuwa. Gwauruwar nan tana iya yafewa sarai, ta gaida uwar adashi a bakin coci, ta je mata jaje in an yi mata rashi, amma ta ƙi sake zuba mata ko kwabo har sai ta biya. Ba wani dattijo da ke da hurumin ce mata ta karya sulhu, tunda ba a yi shi ba tukuna.