Waiwaye: Yadda Haya Ta Zama Bashi a Littattafan Kamfanoni

Tun shekarar 1976, lokacin da hukumar FASB, mai tsara ƙa'idojin akanta a Amurka, ta kafa ƙa'idar lissafin haya, manazarta harkokin kuɗi ba su taɓa gamsuwa da ita ba. Ƙa'idar ta raba haya gida biyu: idan wa'adinta ya kai kashi 75 cikin ɗari na rayuwar kadarar, ko kuɗin da za a biya ya kai kashi 90 na darajarta, sai a rubuta ta a matsayin bashi, in kuwa bai kai ba, sai a ɗauke ta kuɗin haya kawai. Lauyoyi da akantoci ba su ɓata lokaci ba wajen tsara yarjejeniyoyin da ke tsayawa dab da layin, har ya zama kamfanin jiragen sama yana iya ɗaure kansa da biyan haya na shekara goma, amma a takardar kadarori da basussukansa ba a ganin jirgin, balle bashin.

Manazarta sun nemi mafita da kansu. Mai nazari yakan tono kuɗin hayar shekara daga ƙarin bayanan da ke can ƙarshen rahoto, ya ninka shi sau takwas, ya ɗora a kan bashin kamfanin. Kintace ne, amma ya fi rufe ido.

Rugujewar Enron, kamfanin makamashi na Amurka da ya ɓoye basussukansa, a 2001 ce ta tayar da maganar, kuma a 2005 hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka, ta ƙiyasta cewa hayar da ba ta cikin littattafai ta kai dala tiriliyan 1.25. David Tweedie, shugaban hukumar IASB mai tsara ƙa'idojin akanta na ƙasa da ƙasa a lokacin, yakan yi ba'a cewa burinsa kafin ya mutu shi ne ya hau jirgin da ke rubuce a littafin kamfanin da ke tuƙa shi. Hukumomin FASB da IASB sun fara aikin gyara a 2006, sai da aka shafe shekara goma ana kai ruwa rana kafin sababbin ƙa'idoji, IFRS 16 ta IASB da ASC 842 ta FASB, su fito a 2016, aka soma aiki da su a 2019.

Yanzu kusan kowace haya da ta wuce wata 12 tana bayyana a matsayin bashi, sai dai hukumomin sun raba gari kan lissafin riba. IFRS 16 ta mayar da kuɗin haya raguwar daraja da kuɗin ruwa, abin da ya kumbura ribar da ake kira EBITDA (wato riba kafin a cire kuɗin ruwa, haraji da raguwar daraja) ba tare da kwabo ya ƙaru a aljihu ba, Amurka kuwa ta bar hayar gudanarwa cikin kuɗin tafiyar da aiki. Don haka wanda ke son kwatanta kamfanin jiragen Delta na Amurka da Lufthansa na Jamus, ko ya auna MTN Najeriya da ke hayar hasumiyoyin sadarwa daga IHS, dole ne ya sake zama da alƙalami ya daidaita alƙaluman da hannunsa.