Jan ɗigon nan na kan ƙaramar bindiga: tambayoyi da amsoshi game da na'urar leza

A teburin mai shayi maganar ta taso, a unguwar Mabera ta Sakkwato, bayan sallar isha'i. Wani yaro ya zo da 'yar fitilar nan ta maƙalar makulli yana haska jan ɗigo a bango, kyanwa na bin ɗigon tana kai masa cafka. Nan take gardama ta kaure tsakanin manya. Wani ya rantse cewa idan aka ɗaura irin wannan a bindiga, duk inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai bi, ko makaho ne ya harba. Wani ya ce ai ƙaryar fim ce kawai. Dukansu ba su faɗi daidai ba. Na tattara tambayoyin da suka fito a daren, na haɗa da waɗanda ma'aikatan tsaro kan yi idan na'urar ta soma ba su wahala.

Mece ce ainihin wannan na'ura, kuma da gaske ita ke jan harsashi?

Fitila ce, ba wani abu ba. Bambancinta da tocila shi ne haskenta launi ɗaya ne, kuma ba ya bazuwa, sai ya tafi a tsuke kamar zare. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Theodore Maiman, shi ya fara kunna leza a shekarar 1960. Daga baya aka yi ta ƙanƙanta ta har ta kai girman ƙwayar gyaɗa.

Babu wata alaƙa tsakanin harsashi da hasken. Harsashi inda bututun bindiga ya fuskanta nan yake nufa, kuma tun daga fitarsa nauyinsa ke janyo shi ƙasa. Haske kuwa miƙewa yake yi sak. Aikin ɗigon kawai ya nuna wa mai riƙe da bindiga inda ake sa ran bututun ya dosa. Idan an ɗaura na'urar a karkace, ɗigon zai ci gaba da haskawa tsaf, yana nuna wurin da ba shi ba.

Kafin a je ko'ina, wa doka ta yarda ya riƙe ƙaramar bindiga a Nijeriya?

Wannan tambayar ya kamata ta zo farko, don mutane da yawa suna zaton ƙanƙantar bindiga na nufin sauƙin lasisi. Akasin haka ne. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Bindigar toka irin ta maharba, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Bindigar farauta ta zamani, izininta na hannun Sufeto Janar. Amma fistol da libarba, wato ƙananan bindigogin hannu, an jera su ne a rukunin haramtattu, tare da bindigogin soja, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da irinsu ba izini, doka ta tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Saboda haka bayanin gyara da ke ƙasa na ma'aikacin da hukuma ta damƙa wa makami ne, da kuma mai son ya fahimci yadda abin yake aiki. Mu da muka san halin da mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo suka shiga a dalilin yawon makamai a hannun da bai dace ba, ba ma bukatar a yi mana dogon wa'azi a kan wannan. Shi ma ma'aikacin, bindigar ba tasa ba ce. Ba ya ƙara mata komai sai da sanin na gaba da shi da mai kula da ɗakin makamai.

A ina ake ɗaura ta, tunda bindigar ƙarama ce?

Wuri huɗu aka saba. Akwai wadda ake zurawa a 'yar titin ƙarfe da ke ƙasan bututu. Akwai mai rungumar zoben da ya kewaye kunama, don bindigogin da ba su da titin. Kamfanin Crimson Trace na Amurka ya yi suna da irin wadda ake haɗawa da ƙota, mai maɓalli a daidai inda yatsa ke kwanciya, da an damƙi bindigar sai ta kama. Kamfanin LaserMax kuma yana yin wadda ke zama a cikin bindigar, a madadin sandar da sifirin ke kewaye da ita.

Abin da ake yawan mantawa shi ne kube. Da zarar an ƙara na'ura a ƙasan bututu, siffar bindigar ta canza, tsohon kuben ba zai karɓe ta yadda ya kamata ba. Cusa ta da ƙarfi yana iya danna maɓalli batir ya ƙare a banza, ko ya bar kunama a buɗe, wanda shi ne mafi haɗari.

Ja ko kore, wanne ya fi?

A nan ranar Sakkwato ke da ta cewa. Idon ɗan Adam ya fi kama kore a kan kowane launi. A ma'aunin da ake bambance launin haske da shi, jan leza yana tsakanin nanomita 630 zuwa 670, kore kuma 515 zuwa 532, ido kuwa ya fi kaifi a wajen 555. Shi ya sa idan ƙarfinsu ɗaya ne, koren zai fi fitowa sau da yawa.

A cikin ɗaki ko bayan magariba, dukansu ana ganinsu rangaɗau. Amma fita fili da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, ka haska jan ɗigo a bangon jar ƙasa. Taku kaɗan za ka ja da baya ya ɓace maka, ka koma kana lalube da ido kamar mai neman allura a cikin yashi. Koren zai ɗan ƙara maka tazara, shi ma ba mai yawa ba. Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori sun fi tunanin duhu da cikin gida, ba su yi lissafin hasken da ke sa mutum runtse ido a kan hanyar Illela ba.

Kore yana da nasa lahanin. Ya fi tsada, ya fi shan batir. Tsohon samfurinsa ba kai tsaye yake fitar da koren ba, wani haske ne da ido ba ya gani ake ratsawa da shi ta cikin ƙananan duwatsun kiristal har ya rikiɗe. Waɗannan duwatsun ba sa son sauyin zafi da sanyi, don haka na'urar da ta yi lafiya da azahar tana iya dushewa da asubahin hunturu. Sababbin da ke fitar da koren kai tsaye sun rage wannan matsala. A ganina, wanda aikinsa na dare ne ja ya ishe shi.

An ɗora ɗigo a kan abu, harsashi ya faɗa wani wuri. Me ya jawo?

Sau da yawa ba lalacewa ba ce, lissafi ne. Na'urar ba a cikin bututun take ba, tana ƙasansa ko gefensa da kamar yatsa biyu zuwa uku. Ke nan layi biyu ne suka taso daga wuri daban, na haske da na harsashi. Idan an saita su, a wuri ɗaya tak suke haɗuwa. Kafin wurin akwai 'yar tazara a tsakaninsu, bayan wurin kuma sai su sake rabuwa, rabuwar na ƙaruwa da nisa. Ka ɗauki hanyoyi biyu da suka gitta juna a mararraba, haka abin yake. Wasu kamfanoni suna saita tasu tun daga masana'anta a nisan ƙafa 50, wato kusan mita 15, amma kowace bindiga da irin harsashinta sai an sake gwadawa.

Gyaran yana jikin wasu 'yan sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, da ɗan makulli siriri mai kusurwa shida. Kaɗan-kaɗan ake juya su. Karkata ta digiri ɗaya kacal tana kawar da ɗigo da kusan santimita 17 a nisan mita 10. Mai gaggawa sai ya yi juyi cikakke, ɗigo ya tsallake ya koma ɗaya gefen, ya dawo da shi, ya sake wucewa, har zaren sukurun ya cinye. Tabbatar da saiti kuma a filin atisaye na hukuma ake yinsa, ba a bayan gida ba.

Kafin hannu ya taɓa ko da sukuru ɗaya, a zare gidan harsashi, a ja saman bindigar baya, a duba ramin da ido, a sa yatsa a taɓa. Na'urar a kusa da bakin bindiga take zaune, mai gyara kuwa yatsunsa a nan suke yawo.

Jiya an saita, yau ta goce. Aljanu ne?

Sukuru ne. Ƙaramar bindiga ba ta da nauyi, don haka duk harbi girgizarta ta fi ta babba, girgizar nan kuma ita ke kwance abin da aka ɗaure. A kama na'urar da yatsa biyu a jijjiga. In ta motsa ko da ƙiris, an gano ɓarawon. Ɗaurewa fiye da kima ita ma matsala ce, musamman a bindiga mai jikin roba, domin tana lanƙwasa mazaunin. Faɗuwa ƙasa, bugun ƙofar mota, da canjin batir a samfurin da sai an cire shi gaba ɗaya, duk suna bukatar a sake duba saiti.

Ɗigon ya dushe, ko ya baje kamar fure, ko yana ƙiftawa.

Alamomi uku ne, kowace da inda take nunawa.

Idan ya baje ya yi gashi-gashi, gilashin gaba ne ya yi datti. Hayaƙin alburushi yana komowa ya kwanta a kansa, ga man bindiga da ke malalowa, ga ƙurar hunturu. Duk wanda ya bar waya a kan tebur na awa biyu a watan Janairu a garin nan ya san irin farin garin da nake nufi. In ya haɗu da mai sai ya zama kamar kwaɓin laka a kan gilashin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. A fara hure ƙurar, sannan a goge a hankali da auduga mai tsinke da aka ɗan jiƙa da ruwan goge tabarau. Goge busasshiyar ƙura da bakin riga kankare gilashin yake yi, kuma wannan tabon ba ya fita.

Idan ya dushe ne kawai, batir. Yawancinsu ƙananan batura suke ci, irin CR2032 ko CR1/3N, manyan kuma CR123A. Zafi yana rage musu kwana, motar da aka rufe aka bari a rana lokacin bazara kuwa tanderu ce. Akwai kuma batun batirin da ya daɗe a kanti kafin a saya, don haka a duba kwanan watan da ke jikin kwalin.

Idan yana ƙiftawa, ko yana ɗaukewa daidai lokacin harbi, haɗin batir ne ya yi sako-sako, ko gumi ya shiga ya yi tsatsa mai kore-kore a kan ƙarfen. Sai dai a lura, wasu an ƙera su da zaɓin ƙiftawa da gangan, wasu kuma suna kashe kansu bayan 'yan mintuna don tattalin batir. A karanta takardar da ta zo da ita kafin a yanke mata hukunci.

Komai lafiya, amma ɗigon sai rawa yake yi a bango.

Hannunka ne, malam. Dama can yana rawar, na'urar ce ta tona. Masu koyar da harbi suna amfani da wannan: da bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta, ɗalibi ya ja kunama, malami yana kallon bango. In ɗigon ya zabura ƙasa a daidai lokacin jan, an ga inda kuskuren yake. Ni a nan na fi ganin amfaninta. Illarta kuma, mutum yakan saba da neman ɗigo har ya manta da 'yan ƙarafan saitin da ke saman bindiga, waɗanda ba sa cin batir.

Akwai wani abu da fim ba ya nunawa. A iska mai tsabta ba a ganin zaren hasken, ɗigon kaɗai ake gani. Amma cikin hazo ko hayaƙi, ƙurar tana kama hasken, sai zaren ya fito ɓaro-ɓaro tun daga inda ya sauka har zuwa hannun mai riƙe da shi. Haka kuma ɗigo ba ya haska fuska. Yana iya sauka a kan mutum cikin duhu ba tare da ya gaya maka ko wane ne ba.

To ita ta yaran nan, tana cutar da ido?

Tana iyawa. Na'urorin da ake sayar wa jama'a bisa ƙa'ida ba sa wuce miliwat 5 a ƙarfin haske, kuma gilmawa ɗaya a ido ba kasafai take barin lahani ba, don ido yana ƙiftawa da kansa. Matsalar ita ce masu arha da ke shigowa kasuwa, abin da aka rubuta a jikinsu ba lallai ya zama shi ne ƙarfinsu ba. Wasu koraye ma suna zubar da haske marar ganuwa wanda ba ya sa ido ƙiftawa, alhali yana isa tantanin da ke can bayan ido.

Masu kallon ƙwallo za su tuna watan Maris na 2022, lokacin da Masar ta je Senegal wasan neman gurbin Kofin Duniya, yadda korayen ɗigogi suka rufe fuskar Mohamed Salah yana shirin buga fenareti. Daga kujerun 'yan kallo aka haska su. Irin wannan hasken yana kai wa ga matuƙin jirgin sama ya ɗauke masa gani na ɗan lokaci, don haka mazauna kusa da filin jirgin Sultan Abubakar III su ja kunnen yaransu. Direban mota da ɗan kabu-kabu da dare su ma haka. Kuma a irin yanayin da ake ciki, haska ɗigo a jikin mutum ko a shingen jami'an tsaro da sunan wasa yana iya sa a ɗauka bindiga ce a bayansa.

Yaron da aka haska wa ido ya ce yana ganin baƙin tabo ko layi ya karkace masa, kuma abin bai wuce ba bayan 'yan mintuna, a kai shi wurin likitan ido a ranar, a tafi da fitilar a nuna masa.