Ba kowane sanyi ne jiƙo ke kora ba

Cikin zafin watan Afrilu wata uwa ta shigo wurinmu a nan Tahoua tana dafe da mara. Kafin in tambaye ta, ta ciro gorar roba daga cikin hijabi. Jiƙo ne ja wur, kanumfari da citta da ɓawon itace sun kwanta a ƙasa. Ta ce, "Ɗiyata, wata huɗu ke nan ina sha. Sai ya lafa, sai ya dawo." Na ce, "Inna, me kike ji?" Ta ce fitsari ke ƙuna kamar an zuba barkono, kuma ba ta gama tsarki ba sai wani ya sake matso ta.

Mu a nan komai sanyi ne. Ƙaiƙayi da farin ruwa sanyi, ciwon da ake ɗauka wajen saduwa sanyi, har tsargiyar da ake kwasowa a tabki wasu sanyi suke ce mata. Alhali kowanne da nasa magani. Na Inna ciwon mafitsara ne, kuma yawanci ƙwayar cutar E. coli ke kawo shi. Gidanta hanji, daga bayan gida take tsallakowa. Mata take fi kamawa saboda hanyar fitsarin mace gajera ce, kamar santimita 4. Idan ya kama ki sau biyu cikin wata shida, ko sau uku a shekara, ya zama mai dawowa, lokacin awon fitsari ya yi, wanda ake rubutawa ECBU. Shi ke nuna ƙwayar da maganin da zai ci ta.

Ban raina abin da iyayenmu suka bar mana ba, ni ma a kan jiƙo aka raine ni. Amma ban yarda a kwantar da mace wata huɗu da abin da ba a tabbatar yana kashe ƙwayar da ta riga ta zauna a mafitsara ba. Sauƙin da ake ji, sau da yawa ruwan da aka sha tare da jiƙon ne ya wanke hanya.

To ruwan nan shi ne abin da ya fi samun shaida. A 2018 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mata 140 masu yawan wannan ciwo waɗanda ba sa shan ruwa sosai. Waɗanda suka ƙara lita ɗaya da rabi kullum, dawowar ciwon ta ragu da kusan rabi. Lita ɗaya da rabi leda uku ce ta ruwan da ake sayarwa a bakin hanya. Ina ganin ƴan kasuwa da ƴan makaranta suna ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matsa su inda babu makewayi mai tsabta. Na san ba gangancinsu ba ne, amma riƙe fitsari ba wa ƙwaya wurin kwana ne.

Akwai kuma ƙwayoyin ƙarin abinci da ake tallarsu a WhatsApp. Kiranberi ɗan itace ne na Amurka ta Arewa. A 2023 an tattara gwaje-gwaje 50, aka ga yana rage dawowar ciwon ga matan da yake yawan kamawa, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kama. Shi kuwa D-mannose, wani nau'in sukari, an gwada shi a Birtaniya da mata kusan 600, sakamakon ya fito a 2024, bai fi na bogi wanda ba magani a cikinsa ba. Kada ki zubar da kuɗin cefane. Zoɓo ma ja ne, amma ba kiranberi ba ne. Ki sha don ƙishirwa, ki rage sukari. Jiƙon da aka cika wa kanwa bai dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matsi da wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, don suna korar ƙwayoyin kirki da ke gadin gaban mace. Sai kafso biyu na mai tebur, wanda ke koya wa ƙwaya jure magani. Ki yi tsarki daga gaba zuwa baya, ki yi fitsari bayan saduwa.

Idan zazzaɓi ya zo da rawar ɗari, ciwo a kuiɓi, amai ko jini a fitsari, ƙila ya hau ƙoda, a nufi cibiyar lafiya ta CSI a ranar. Haka mai juna biyu, mai ciwon suga, ƙaramin yaro da namiji, ko ba zazzaɓi. In za ki zo, ki riƙo gorar jiƙon da kwalin duk abin da kika sha, mu gani tare.